Arsenik, Kifi da Ruwan Sha: Abin da Alƙaluma Ke Faɗa wa Mutanen Tsaskiya

Maikirogiram 10 a lita ɗaya: iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wa sinadarin arsenik a ruwan sha ke nan tun 1993, bayan ta sauko da ita daga 50. Ita ce kuma Nijeriya ta rubuta a ma'auninta na ingancin ruwan sha. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, sai an tara dubu sannan a sami miligiram guda. Idan aka ɗauki abin da bai wuce rubu'in dunƙulen magi ba, wato giram ɗaya, aka narkar da shi a jarka 4,000 masu cin lita 25, to an kai wannan iyaka. Arsenik ba shi da launi a ruwa, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Tafasa ruwa ba ta kore shi, sai ma ta ƙara masa kauri, domin ruwan ne ke tashi tururi ya bar shi a tukunya.

Tsaskiya tana cikin Ƙaramar Hukumar Safana, maƙwabciyar Batsari, a gefen Dajin Rugu. Ƙidayar 2006 ta ba Safana mutum sama da 180,000, Batsari sama da 200,000, yau kuwa an wuce haka nesa. Ba ƙasar babban kogi ba ce. Kifin da ke shiga tukunya a wannan yanki hanya uku yake biyowa. Akwai na tafkuna da ƙoramu da madatsun ruwa, irin su Zobe ta Dutsinma da ke kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983 take ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 180, da ta Jibiya a kan kogin Gada. Akwai banda da fatake ke kawowa daga nesa. Sai kifin ƙanƙara da na gwangwani, waɗanda akasarinsu na teku ne. Kowanne da irin lissafinsa game da arsenik, kuma wanda ya zuba su a ma'auni ɗaya ya fara lissafi da kuskure.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi a nan shi ne halin da cikin yara ke ciki. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jihar Katsina kuwa kimanin yara shida ne cikin kowane goma. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta ce yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar. A ƙasar da satar shanu ta raba gidaje da yawa da nono da nama, ɗan busasshen kifin da ake dakawa a miya ba ƙaramin abu ba ne. Giram 100 na tsokar karfasa ɗanya na ɗauke da furotin kimanin giram 20, na tarwaɗa 16 zuwa 18. Baligi mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kusan giram 50 a rana. Don haka duk wanda zai ambaci guba a kifi a gaban uwa mai ciyar da yara, wajibi ne ya san lambar da yake faɗa da abin da take nufi.

Arsenik iri biyu ne, kuma tazararsu tana da faɗi

Akwai arsenik sakakke, irin wanda ke fitowa daga duwatsu ya narke a ruwa. Shi ne mai kisa. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukuni na farko, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam: ta fata, ta huhu, da ta mafitsara. Alamunsa na farko sukan bayyana a fata bayan an shafe kamar shekara biyar ana sha: dabbare-dabbaren baƙi a jiki, da kaurin fatar tafin hannu da tafin ƙafa.

Akwai kuma arsenik ɗaurarre, wanda halittu masu rai suka riga suka ɗaure shi da wasu sinadarai a jikinsu. Mafi yawan wanda ke cikin kifin teku na wannan iri ne, ana kiransa arsenobetayin. Masana biyu a Ostireliya, Edmonds da Francesconi, suka fara gano shi a 1977 a jikin wani babban jatan lande na teku. Idan mutum ya ci shi, yakan ratsa jiki ya fita ta fitsari cikin 'yan kwanaki kusan yadda ya shiga. Shi ya sa likita mai son auna arsenik a fitsarin mutum yake hana shi cin kifin teku na wasu kwanaki kafin gwajin, don kada lambar ta kumbura da abin da ba shi ne ake nema ba.

Ga inda alƙaluma ke ruɗar mai karatu. Ruwan teku ba shi da arsenik da yawa, maikirogiram 1 zuwa 2 ne a lita, amma kifin teku yakan tara miligiram 1 zuwa 10 a kilo, wani lokaci fiye. Kifin ruwan daɗi, irin karfasa da tarwaɗa, galibi bai kai miligiram 1 a kilo ba. Wanda ya tsaya a jimla zai ce kifin ƙanƙara ya fi na Zobe haɗari ninkin-ba-ninkin. Alhali a kifin teku sakakken bai cika wuce kashi kaɗan cikin 100 na jimlar ba. A kifin ruwan daɗi kuwa jimlar ƙarama ce, sai dai kason sakakken ba shi da tabbas, yana iya hawa idan ruwan da kifin ya tashi a ciki gurɓatacce ne. Gwaji mafi sauƙi da araha jimla kawai yake bayarwa. Rarrabe iri biyun sai da na'urori masu tsada. Saboda haka idan aka ji rahoto ya ce an sami arsenik kaza a kifin wuri kaza, tambaya ta farko ita ce: jimla aka auna, ko sakakken?

Hukumomin duniya ma ba su daidaita a kan lamba ɗaya ba. Ƙasar Sin ta ce kada sakakken arsenik ya wuce miligiram 0.1 a kilon kifi. Ostireliya da Niyu Zilan sun ce miligiram 2, ninki ashirin ke nan. Hukumar Codex, mai tsara ma'aunin abinci na duniya, ta sa wa gyararriyar shinkafa iyakar 0.2 a 2014. Mai rubuta rahoto yana iya ɗauko lambar da ta yi masa daɗi ya ce kifi ya haye ta ko bai haye ba. A lissafin da ke tafe na ɗauki ta Sin, saboda ita ce mai tsauri.

Abin da yake yi wa kifin kansa

Arsenik yana shiga jikin kifi ta ruwan da ke ratsa mashaƙarsa, da ta abin da yake ci, har da lakar ƙasan tafki. Sakakken yana zuwa da fuska biyu. Ɗaya tana manne wa sinadaran da ake kira inzayim, masu juya abinci ya zama kuzari, ta tsayar da aikinsu. Ɗayar kama take da fosfet, wanda jiki ke amfani da shi wajen ajiye kuzari, sai ta zauna a gurbinsa alhali ba ta iya aikinsa. Kifi yana ci amma ba ya cin moriyar abincin yadda ya kamata, cinsa ma ya ragu, ga kuma ƙarin aikin fitar da guba da ya hau kan hanta da ƙoda. Daga nan ya koma cin ajiyarsa: sukarin da ya tara a hanta da tsoka, sannan kitse, idan abin ya daɗe har furotin ɗin tsokarsa.

Kitsen ne ya fi ba ni tausayi a wannan lissafi, domin shi ne abin da kifi ya fi wake da gyaɗa da shi. Kitsen omega-3, wanda ƙwaƙwalwa da idon jariri ke buƙata tun yana ciki, shi ne mafi saurin lalacewa a cikin kitsuna. Arsenik yana tayar da wasu sinadarai masu cin kitse a cikin ƙwayoyin jiki, kuma irin wannan kitse suke fara kamawa. Ana iya samun kifi biyu masu nauyi ɗaya a kan faranti, amma wanda ya tashi a gurɓataccen ruwa ya gaza ɗan'uwansa a abin da ido ba ya gani.

Akwai gwajin da ya ba da lamba. A Jami'ar Guelph da ke Kanada, Cockell da abokan aikinsa sun ciyar da ƙananan kifin turawut abinci mai arsenik na tsawon watanni, suka wallafa sakamakon a 1991. Sun ga girma ya ragu, bangon matsarmamar kifin ya kumbura, kuma iyakar abin da kifin ke jurewa tana tsakanin miligiram 13 da 33 a kilon abinci. Raguwar girma ita ce asarar da ta fi fitowa fili, kuma ita ma asarar abinci ce. Mu ɗauki misali don lissafi: mai kiwon tarwaɗa 1,000 da yake sa ran kowace ta kai kilo ɗaya. Idan girmansu ya ragu da kashi 10 cikin 100, ya rasa kilo 100 na kifi. Ko da an cire kai da ƙashi da kayan ciki an bar rabi, kilo 50 na tsoka ya tafi, wato furotin kimanin kilo 8 da rabi, abin da zai ishi baligi 170 na yini guda.

Sai dai dole a faɗi girman gubar da ke kawo wannan. Yawancin gwaje-gwajen ɗakin bincike ana yin su ne da miligiram a lita, ba maikirogiram ba. Miligiram 1 a lita ya ninka iyakar ruwan sha sau 100, kuma abin da ke kashe rabin kifi cikin kwana huɗu yakan kai gomman miligiram ga nau'o'i da yawa. Amurka ta sa iyakar kare halittun ruwan daɗi a maikirogiram 150 a lita idan zaman na dogon lokaci ne, 340 idan na ɗan lokaci ne. Kanada ta fi taka-tsantsan, ta ce 5. Idan aka bi lambar Amurka, kifi yana jure ninki goma sha biyar na abin da aka yarda mutum ya sha. Ma'anar wannan ga mai ɗibar ruwa a tafki babba ce: ganin kifi yana wasa lafiya lau a ruwa ba shaida ba ce cewa ruwan ya dace da sha. Kafin arsenik ya rage wa kifi ƙiba, ya daɗe da wuce abin da ya halatta ga cikin mutum.

Wani abin kwantar da hankali shi ne arsenik ba ya hawa tsani kamar zaiba. Zaiba tana ƙaruwa daga ƙaramin kifi zuwa babban da ya cinye shi, shi ya sa manyan kifaye mafarauta suka fi tara ta. A ruwan daɗi arsenik bai saba yin haka ba. Wurin zama da abinci su ne ke rarrabe kifaye: masu kiwo a laka irin tarwaɗa da ƙurungu da gaiwa sun fi cuɗanya da abin da ya kwanta a ƙasa. A jikin kifi ɗaya ma rabon ba daidai ba ne. Hanta da ƙoda da mashaƙa sun fi tsoka tarawa.

Nan ne ake samun ja-in-ja tsakanin shawara biyu masu kyau. Masana abinci suna yabon ƙananan kifaye da ake ci ɗungurungum, domin a kai da ƙashi da ido ake samun kalsiyam da sinadarin ƙarfe da zink da bitamin A. Aikin Shakuntala Thilsted a kan irin waɗannan ƙananan kifaye a Bangaladash shi ya ba ta Kyautar Abinci ta Duniya a 2021. Amma cin kifi ɗungurungum yana nufin cin kayan cikinsa. Mafita mai sauƙi ce: a fasa ciki a zubar, a bar kai da ƙashi, musamman idan kifin ya fito daga ruwan da ake shakka.

Ɗanye aka auna ko busasshe?

Wannan tambaya ta biyu ce, kuma ta shafi Tsaskiya kai tsaye, domin banda ta fi ɗanyen kifi zama a gidajen da ba su da firji. Kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na ɗanyen kifi ruwa ne. A ɗauki kilo ɗaya na ɗanyen kifi mai arsenik miligiram 0.2 da furotin giram 180. A yi bandarsa har ya koma giram 300. Arsenik bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma yanzu idan aka auna za a ce miligiram 0.67 a kilo, fiye da ninki uku. Furotin ma haka ya yi: daga giram 18 a kowane giram 100 ya koma 60. Wato duk giram ɗin furotin da mutum ya ci yana tafe da arsenik daidai da na ɗanyen. Iyakokin hukumomi a kan nauyin ɗanye ake rubuta su, masu bincike da yawa kuwa sai sun busar da samfur suke aunawa. Wanda ya ɗora lambar busasshe a kan iyakar ɗanye zai ga haɗari ya ninka uku ko huɗu a takarda, alhali kifin ɗaya ne.

Abin da ke iya ƙara wa banda arsenik da gaske shi ne makamashi. Akwai katakon da ake jiƙawa da haɗin tagulla da kuromiyam da arsenik don kada gara ta ci shi, mai ɗan launin kore, irin wanda Amurka ta daina amfani da shi a gine-ginen gidaje a ƙarshen 2003. Ƙona irinsa yana sakin arsenik a hayaƙi da toka. Guntayen katakon gini da tsoffin turaku ba itacen banda ba ne.

Lissafin kwano da na moɗa

Ana ƙiyasta ɗan Nijeriya yana cin kifi kimanin kilo 13 a shekara, matsakaicin duniya kuwa ya ɗan haura kilo 20. A Arewa maso Yamma abin bai kai na ƙasa ba, amma bari mu yi lissafi da 13. Kilo 13 a shekara giram 36 ne a rana. A ce duk kifin nan yana daidai kan iyakar Sin, miligiram 0.1 a kilo. Mutum zai sami sakakken arsenik maikirogiram 3.6 a rana daga kifi.

Yanzu ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafi da lita 2 a rana ga baligi mai kilo 60. Idan ruwan yana daidai kan iyaka, maikirogiram 10, mutum ya sha 20 a rana, kuma dukansa sakakke ne. Ya ninka na kifin fiye da sau biyar. Wanda ya san zafin Afrilu da Mayu a gonakin Safana ya san lita 2 ba ta kai manomi azahar. Idan ya sha 4, ya sami 40. Idan rijiyar tana da 50 a lita, lita 2 ta ba shi 100. Shinkafa ma tana da nata kaso, domin tana zuƙar arsenik kusan ninki goma na sauran hatsi saboda zamanta a ruwa: giram 200 na shinkafar da ke kan iyakar Codex maikirogiram 40 ne. A nan gero da dawa da masara, waɗanda su ne tuwon yankin, sun yi wa mutane rana.

Yaro ya fi shiga haɗari saboda ƙarancin nauyinsa. Mai kilo 10 da ke shan lita ɗaya ta wannan ruwa yana samun maikirogiram 1 a kowane kilo na jikinsa, babansa kuwa 0.33. Ninki uku ke nan. Idan aka ba yaron giram 30 na tsokar karfasa, ya sami furotin giram 6, kusan rabin buƙatarsa ta yini, a kan arsenik da bai wuce maikirogiram 3 ba ko da kifin yana bakin iyaka. Hana shi kifin a bar shi da ruwan da ba a gwada ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Kada a ɗauka waɗannan lambobi suna nufin akwai adadin da ba ya cutarwa sam. A 2010 kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya janye tsohuwar lambarsa ta maikirogiram 15 a kowane kilo na jiki a mako, domin ya ga ba ta ba da kariya. Ya kawo maikirogiram 3.0 a kowane kilo na jiki a rana a matsayin inda ake fara ganin ƙarin ciwon dajin huhu. A farkon 2024 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta sauko da nata ma'aunin zuwa 0.06, bisa ciwon dajin fata. Tazarar lambobin biyu ninki 50 ce. Kifin lissafinmu, 3.6 a raba da kilo 60, ya faɗa daidai kan 0.06. Ruwan da ke kan iyakar da aka halatta kuwa ya haye ta sau biyar da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta tana kiran iyakar 10 ta wucin gadi, ta ce wahalar aunawa da tacewa ce ta sa aka tsaya a nan. Ko da wace lamba aka yi aiki, jerin bai canza ba: ruwa ne a gaba, kifi a baya.

Daga ina zai fito?

Arsenik yana cikin ƙasa ko'ina, 'yan miligiram a kilo. Inda yake taruwa shi ne jijiyoyin duwatsu masu zinariya, domin wani ma'adini da ake kira arsenofayirait abokin zamanta ne. Arewa maso Yammacin Nijeriya tana kan tsoffin duwatsu masu irin waɗannan jijiyoyi, daga Anka da Maru zuwa Birnin Gwari, har da wani reshe a wajen Malumfashi. Idan aka haƙo dutse aka niƙa shi ya zama gari aka wanke a bakin tafki, abin da ya shekara miliyoyi a kulle ya sami hanyar ruwa.

Mun ga abin da wannan aiki ya yi a Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, yara aƙalla 400 suka rasu. Dalma ce ta yi kisan, ba arsenik ba. Amma masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka da suka auna duwatsu da ƙurar wuraren sun rubuta a 2013 cewa zaiba da arsenik da manganis da antimoni suna cikin ƙarin haɗarin da ke tattare da aikin. A 2015 abin ya maimaita kansa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ruwan Anka ba ya hawowa Katsina. Kogunan yammacin Katsina su ne ke gangarawa ta Bunsuru da Gada zuwa Rima. Ke nan abin da zai gurɓata tafkin Safana ko Batsari daga kusa zai fito, wanda kuma aka zuba a nan yana iya bin ruwa ya tarar da mutanen gaba. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, don haka maganar inda ake wanke ƙasar zinariya ta sake zama ta yau.

Misali mafi kama da ƙasarmu yana Burkina Faso. A yankin Wahiguya da ke arewacin ƙasar, mai duwatsun zinariya da ɗan gajeren damina kamar namu, binciken da aka wallafa a 2007 ya sami rijiyoyin burtsatse da arsenik ɗinsu ya tashi daga ƙasa da 0.5 har zuwa maikirogiram 1,630 a lita, ninki 163 na iyaka, kuma an ga cutar fata a ƙauyukan da abin ya fi tsanani. Wani binciken na 2017 ya duba samfur 1,498, ya sami kusan kashi 15 cikin 100 sun haye 10, ya ƙiyasta mutum 560,000 na iya kasancewa cikin haɗari. A Obuasi ta Gana, garin zinariya, an auna har 175 a ƙoramu. Abin lura a Wahiguya shi ne ba sai an yi haƙa ba. Burtsatsen da ya ratsa jijiyar dutsen ya isa. Rijiyoyi biyu a ƙauye ɗaya, ɗaya lafiya lau, ɗaya guba.

Bangaladash ce ta fi kowa ɗanɗana wannan. Daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin famfo don raba mutane da kwalara da gudawar ruwan tafki, kuma sun yi wannan aiki. A 1993 aka tabbatar akwai arsenik a cikinsu. Binciken ƙasa baki ɗaya ya nuna kashi 27 cikin 100 na rijiyoyi marasa zurfi sun haye 50, kashi 46 sun haye 10. An ƙiyasta mutuwar mutum 43,000 a shekara tana da nasaba da shi. Mutanen Bangaladash suna cikin masu cin kifi sosai a duniya, amma ruwan sha ne ya kawo musu bala'in, shinkafa ta biyo baya. Maganin farko da suka yi mai araha ne: suka gwada rijiyoyi kusan miliyan 5 da ɗan kayan gwaji na hannu, suka shafa wa bakin famfon da ya haye iyaka jan fenti, mai kyau kore. A duniya gaba ɗaya, Hukumar Lafiya ta ce mutum kimanin miliyan 140 a ƙasashe aƙalla 70 suna shan ruwan da ya wuce 10.

Masu kiwon kifi suna da tasu ƙofar da za su tsare. Wanda ya cika kwaminsa da ruwan burtsatse, abin da ke cikin burtsatsen shi kifinsa zai zauna a ciki wata da watanni. Wanda ke zuba kashin kaji don ruwa ya yi kore, ya binciki abin da aka ciyar da kajin, domin an daɗe ana sa magunguna masu arsenik a abincin kaji a ƙasashe da dama, irin su roksason. Turai ta hana su a 1999, Amurka ta janye na ƙarshensu a 2015.

Lambobin da aka kawo a nan ma'aunai ne da za a ɗora sakamakon gwaji a kansu, kuma gwajin bai fi ƙarfin jiha ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wadda aka kafa a 2011, tana kusa da Zobe kuma maƙwabciyar Safana ce. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, akwai hukumar samar da ruwa da tsaftar karkara ta jiha, akwai Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, akwai hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC. Roƙona gare su shi ne a fara da ruwa: kowane burtsatse da rijiyar da jama'a ke sha a Tsaskiya da Runka da Safana da Batsari a gwada shi, a rubuta sakamakon a jikinsa yadda mai ɗiba zai gani, a sanar da hakimai da masu unguwanni. Sannan a auna kifin Zobe da Jibiya da bandar kasuwa, da rani da damina, a bayyana ko jimla ce ko sakakke, ɗanye ne ko busasshe. Sarakunan ruwa da dagatai kuma su hana wanke ƙasar zinariya a tafkin da ake sha ko ake su a cikinsa. Iyaye mata, ku ci gaba da sa wa yara kifi a miya da kunu, ku fasa cikinsa ku zubar, ku kuma tambayi kansilanku yaushe za a gwada ruwan unguwarku.